Gammon Ƙwallo

Yayana baduku ne, amma a Bagudo ba wanda ke kiransa baduku sai baƙo. Injiniya ake ce masa, kuma ba don girmamawa ba. Rumfarsa na bakin kasuwa, rabinta fata rabinta tsofaffin tayoyi, kuma mutum ne da ba ya iya kallon abu ya ƙyale shi yadda ya same shi. Shi ya ɗaura wa gugan gidanmu guntun ƙarfe a gefe guda, don in ya faɗa rijiya ya kife da kansa ya cika. Shi ya lanƙwasa wa moɗar Inna mariƙi, ta daina faɗuwa ƙasa kaji suna tattakawa. Shi ya yanko taya ya yi wa randarta gammo, gindin randar ya huta da zama cikin laka. Waɗannan duk sun yi aiki, amma a cikin gida suke, ba mai ganinsu sai mata. Abin da gari ya gani shi ne murhun da ya ƙera ya ce ba ya hayaƙi, ya gwada shi ranar sunan ɗan maƙwabcinmu, hayaƙi ya kori mata daga tsakar gida. Tun daga ranar sunan ya bi shi.

Ni kuwa gola ne, ni ke tsare wa ƙungiyar garinmu raga. Ina da hannu, wannan ko maƙiyina ya sani. Matsalata ƙafa ce. Wata shekara na kai wa ƙwallo bugu na sami ƙasa, babban yatsana na dama ya karye, ya kuma ɗoru a karkace. Tun daga nan ba na iya bugun gola sai na tara rairayi na ɗora ƙwallon a kai, don ƙafata ta shiga ƙarƙashinta ba tare da ta taɓa ƙasa ba. A filinmu ba damuwa, rairayi ne har idon sawu.

Sai aka sa mana wasa da wani gari a hayin iyaka, cikin Benin. Ba baƙinmu ba ne, kasuwa ɗaya muke ci, akwai ma auratayya, amma in aka zo ƙwallo ba sani ba sabo. Filinsu fadama ce, in rani ya yi lakar ta bushe kamar daɓen siminti, ko da farce ba ka samun abin tarawa. Kocinmu ya kira ni gefe ya ce ya gaji da janyo ɗan baya yana buga mini. In ban iya bugun kaina a can ba, ragar ta wani ce.

Na je rumfar Yaya ina ta faɗa, ba don ina neman komai ba, faɗan dai nake ji. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To in babu ƙasa can, mi ka hana ka tahi da taka?"

Abin ɗora ƙwallo na farko da ya yi mini zobe ne kawai na tayar babur. Na ɗora ƙwallo na buga, zoben ya tashi tare da ita ya sami koci a ƙwauri. 'Yan wasa suka kwanta dariya, ana ta kiran Injiniya. Na biyu ya sa masa ƙusa don ya kama ƙasa, ƙusar ta yaga mini takalmi. Na jefa masa abinsa na ce ya rabu da ni, ba na son a haɗa ni da shi a riƙa dariya. Bayan kwana biyu ya aiko a kira ni.

Na uku a gabana ya yi shi, ina zaune a kan benci. Ya rage tsayin zoben ta gaba don ƙafa ta wuce. Ya ɗebo rairayin bakin kogin Kwara, ya ɗura cikin guntun tif na cikin taya, ya naɗe shi cikin zoben don ya yi nauyi ya zauna. Sai ya ga bakin tayar na kankare ƙwallo, don haka ya jawo abin da kowane baduku zai jawo, jar fata, ya rufe shi da ita. Ni na riƙe masa bakin fatar yana soka basilla. Ya yi masa ɗinki mai kyau, ya kuma kitsa masa igiyar fata don in rataye shi jikin sandar raga kada ya ɓace. Na gwada shi da yamma, ƙwallo ta wuce tsakiyar fili, abin kuwa ko motsi bai yi ba. Ya ce sunansa gammon ƙwallo.

Inna ce kaɗai ta ga abin da ba mu gani ba. Ta juya shi a hannu ta ce, "Wanga kau awa guru." Guru shi ne ɗamarar nan ta fata da ake ɗinke asiri a ciki. Muka yi dariya, muka ce tsohuwa ba ta san zamani ba. Ko a lokacin kuwa mun san cewa wasan da ya wuce tsakanin garuruwan biyu da faɗa ya tashi, saboda wani ƙulli da aka tono a gindin raga, har aka fasa wa mutum kai. Bayan haka dattawan ɓangarorin biyu suka yanke cewa duk ɗan wasan da aka kama da asiri a fili ya bar ƙwallo ke nan. Mun san wannan sarai, amma murna ta rufe mana ido.

Ranar wasan Yaya ya rufe rumfa, abin da ba ya yi ko ranar kasuwar Zagga. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya goya ni a babur ɗinsa. A hanya yana ta lissafa mini irin gyaran da zai ƙara, yana cewa in mutanen hayi suka gani, kowane gola sai ya nema. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. So yake sau ɗaya tak a ga abinsa ya yi aiki a gaban jama'a.

Aka take wasa bayan la'asar. Fili ya cika, ba igiya ba shinge, mutane tsaye har bayan ragata ina jin numfashinsu. Bugun farko na ciro gammo daga jikin sanda, na ajiye, na ɗora ƙwallo, na buga. Ta tafi har ta wuce tsakiya. Na waiga na hango Yaya a gefen fili ya ɗaga hannu biyu sama. Bugu na biyu ma haka. A na uku ƙwallon ta sauka a kan ɗan gabanmu, ya kutsa ya jefa musu ɗaya.

Daga nan na ji bayan ragata ya canza. Da ana zagina ne da yarensu, Dendanci, ana dariya, yanzu dariyar ta ɗauke. Suka kai mini hari uku a jere, ɗaya na kama, ɗaya na doke, ɗaya ta bugi sandar da gammon ke rataye ta fita. Wani ya yi ihu yana nuna sandar. Kafin in ɗauko ƙwallo, kyaftin ɗinsu, wani dogo mai tabo a goshi, ya rigaye ni wurin. Bai taɓa gammon da hannu ba, da tsinken kara ya ɗago igiyarsa ya nuna wa jama'a.

Filin ya fashe. Rafali na ta busa usur ba mai ji. Cikin ƙiftawar ido an zagaye ni, 'yan wasanmu suna can waje ba su da hanyar shigowa. Na ga sanda a hannun wasu, na ga wani ya cire bel. Bayana ya manne da raga. Kyaftin ɗin ya matso har ina jin warin zufarsa, ya yi mini Hausa a hankali don kowa ya ji.

"Gola, mi ka cikin wanga abu?"

Amsar na bakina. Taya ce da tif da rairayi, ni na riƙe fatar aka ɗinke. Da na faɗi haka na miƙa hannu na karɓa, ƙila da an zage ni an ƙyale. Amma na tuna mutumin da aka fasa wa kai, na tuna hukuncin dattawa, na hango ragata a hannun wani. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Na ce, "Ban san abin da ka ciki ba. Ba ni niy yi shi ba, ba ni anka yi. Ga wanda yay yi shi can."

Har da nuna shi da yatsa. Ashe ba ya can inda na nuna. Ya riga ya kutso cikin mutane don ya cece ni, yana tsaye kusa da ni taku uku, hularsa ta faɗi, an yaga masa aljihun riga. Duk abin da na faɗa a kunnensa na faɗa. Ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, kamar dai yana son ya tabbatar ni ne. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Zoben mutanen ya bar ni ya koma kansa. Wani ya cakumi wuyan rigarsa. Ya ce da ƙarfi, "Nau na, ni niy yi shi. Ku sake ni in gwada muku." Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar wuƙarsa ta dukanci, mutane suka ja da baya, sanduna suka ɗaga. Na ce shi ke nan, yau an kashe mini ɗan'uwa kuma ni na miƙa shi. Shi kuwa durƙusawa ya yi. Ya ɗora gammon a gwiwa, ya bi ɗinkin da ya ɓata yini guda yana yi, ya farke shi ɗaya bayan ɗaya. Ya ɓare fatar ya nuna taya. Ya zaro tif ya tsaga, rairayi ya zubo a tafin hannunsa.

Wata murya daga baya ta ce ƙasar kabari ce.

Rairayin na zuba ta tsakanin yatsun Yaya. Na buɗe baki in ce a gabana aka ɗebo shi, sai na tuna yanzun nan na ce ban san komai ba. Na kashe shaidata da bakina, ko na yi magana ba wanda zai saurara.

Wani tsoho ne daga cikinsu ya ture mutane ya shigo, masunci, da warin kifi a jikinsa. Ya ɗebi rairayin ya murza, ya kai kusa da ido, ya tsinto wani ɗan ɓaren bawon katantanwa ya ɗaga. Ya yi musu magana da Dendanci, sannan ya juya ya maimaita da Hausa, ya ce rairayin bakin kogi ne, shi a kansa aka haife shi, wanda bai yarda ba ya zo ya shinshina. Wani ya yi dariya, wani ya kama, sanduna suka sauka. Rafali ya sami bakin magana, ya ce asiri ko ba asiri ba, doka ba ta yarda a ɗora ƙwallo a kan komai ba. Aka ci gaba da wasa, ɗan baya na buga mini bugun gola. Ɗaya da ɗaya aka tashi.

Yaya ya tattara fatar da tayar ya cusa a aljihun da bai yage ba. Ya jira ni har aka tashi, ya goya ni kamar yadda ya kawo ni. Ina zaune a bayansa ina kallon yagaggen wuyan rigarsa ta Juma'a, na rasa inda zan sa hannuna. Koci bai karɓe ragar ba, ya ce na yi ƙoƙari. Na ƙara shekara huɗu ina tsaron ta, ban ƙara jin daɗinta ba ko sau ɗaya.

Na ba shi haƙuri bayan mako guda, a gaban Inna. Ya ce ya yafe tun a fili, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bai ƙara ƙera komai na ƙwallo ba, bai kuma ƙara zuwa kallo ba. Da daɗewa na ga Turawa a gidan kallo suna wata ƙwallo tasu mai tsini, mai bugu ya ɗora ta a kan ɗan abin roba a gaban dubban mutane, ba wanda ya zo da sanda. Na je na ba shi labari. Ya tambaye ni ko nasu na tashi in an buga. Na ce yana tashi. Ya ce, "Ba su sa mishi rairai ba," ya ci gaba da ɗinkinsa.

Da na yi aure, ya yi wa matata gammon randa, ya ce wannan karon zai rufe shi da fata don ya yi kyau a ɗaki. Ya gama komai saura ɗinki, sai ya aika aka kira ni daga gona. Na zo a guje ina tsammanin wani abu ya faru. Ya ware bakin fatar ya miƙo mini.

"Duba da kyau kahin in ruhe," ya ce. "In anka tambaye ka, ka san abin da ka ciki."

Na duba. Taya ce kawai. Na riƙe masa bakin fatar, ya soka basilla.