Bajimin Gidan Su Antoine

Antoine auta ne a gidansu, kuma a duwatsun bayan Mokolo zama auta ba gata ba ne. A al'adar mutanensa Mafa, yayye sukan fita neman na kansu, auta shi ke zama da tsoho. Shi ke gadon gida da katangun dutsen da ke tare ƙasar gona kada ruwa ya tafi da ita. Duk damina sai wata ta rushe, duk rani sai ya sake jera ta.

Ga kuma bajimin babansa. Tun yana maraƙi ake sa shi a ɗan ɗaki mai duhu, ba ya fitowa sai ranar babban bikin dutse, in shekararsa ta zagayo. Ciyawa da ruwa ta ɗan rami ake miƙa masa, ruwan kuwa daga gindin dutse Antoine ke hawo da shi a ka. Dabbar nan tana ta ƙiba, mai kiwonta yana ramewa. Ya tsani bajimin, yana kuma tausayinsa.

Abin da ya riƙe masa rai shi ne maganar wansa Franck, mai gyaran babur a Garwa.

"Ka daure, Auta. Ana yanka bajimin nan zan tafi da kai, ka koyi sana'a."

Biki ya zo. Bajimin ya fi ƙarfin ƙofa, sai da aka fasa bango. Ya fito yana layi, rana ta kashe masa ido. Aka yanka, aka ci, tsoho ya sha yabo a bakin dangi. Antoine ya ɗaure kayansa tun ba a watse ba.

Washegari da hantsi sai ga Franck yana hawowa, yana janye da jan maraƙi da igiya.

"Yaya, wannan fa?"

"Na Baba ne. Kai ma ka ga yadda aka girmama shi jiya. A bar ɗakin nan wayam, a yi mana dariya?"

"To wa zai ba shi ruwa?"

Franck ya kawar da kai. Tsoho kuwa har ya rungume wuyan maraƙin yana hawayen murna.

"Auta," in ji tsohon, "kwaɓo ƙasa ka toshe bangon kafin rana ta yi zafi."