Littattafai Goma Sha Ɗaya da Wuƙar Albasa

Shekarun baya sosai, kafin babban yaƙin Turawa ya sa takarda ta yi wuya a Abidjan, na taɓa yin wata wauta da ta kusa raba ni da lakwal, wato makarantar boko. Ina da shekara goma sha biyar lokacin, kuma saura shekara guda in zauna jarrabawar fita.

A Adjamé muke zaune, a wani gidan haya mai faɗin tsakar gida. Mahaifina falken goro ne, asalinsa mutumin Damagaram. Shi da ƙaninsa, wanda nake kira Baffa, suna da rumbun goro a Treichville, inda ake ɗaure huhuna a kai tasha, jirgin ƙasa ya haura da su arewa. Mahaifina bai san boko ba ko harafi ɗaya, karatunsa na allo ne da ajami. Amma shi ya sa ni lakwal, duk da surutun mutane.

Kowace Juma'ar farkon wata, bayan an sauko daga masallaci, sai ya ce in biyo shi. Akwai wani ɗan Sanagal a bayan kasuwar Treichville da ke sayen tarkacen Turawa masu komawa gida: kujeru, fitilu, tukwane, da littattafai a cikin kwando. Mahaifina ne ke zaɓa mini. Sai ya ɗauki littafi biyu, ɗaya a kowane hannu, ya jijjiga su kamar mai auna doya, ya ce, "Wannan ya fi nauyi, shi za mu ɗauka." Ni kuwa kunya ba ta bari in ce uffan. Haka na mallaki littafin tarihi, da na labarin tafiye-tafiye a teku, har da wani kan kiwon zuma a ƙasar sanyi.

Yaran yanzu ba za su san wannan ba: littattafan Faransanci na wancan zamani ba a buɗe suke zuwa ba. Takardun a naɗe suke, bakinsu a haɗe ta sama da ta gefe, sai mai karatu ya sa wuƙa ya tsaga kafin ya ga abin da ke ciki. Kana karatu kana yanka. Yawancin na cikin kwandon nan ko sau ɗaya wuƙa ba ta taɓa su ba. Ɗan Sanagal ɗin yakan yi dariya ya ce da Hausarsa mai gargada, "Nasara ma bai karanta ba, ya ɗauko daga Faransa, ya bar maka."

Ina da wata 'yar wuƙar gora da na feƙe da kaina, kuma ba na tsaga takarda sai na iso gare ta. Matsalata ita ce jinkiri. In na ci karo da kalmar da ban sani ba, ba na iya wucewa. Sai na buɗe ƙamus, na rubuta ta a ɗan littafina, na rubuta ma'anarta da Hausa a gefe, sannan in koma farkon sakin layin in sake karantawa. Littafi ɗaya yakan ci mini wata uku. Shi kuwa sabon littafi kowane wata yake zuwa. Sau da yawa na shirya a zuciyata, muna tafe ta unguwar Indénié, cewa yau zan ce wa Baba ya dakata. Har mu hau gadar nan mai shawagi a kan ruwa da ke kai mu Treichville ina maimaita maganar a raina. Da mun isa gaban kwandon, sai in ji bakina ya ce, "Na gode, Baba."

Bayan wata goma sha bakwai, ina da littafi goma sha bakwai a cikin akwatin sabulu a gefen tabarmata. Biyar na gama. Na shida na kai rabi. Goma sha ɗaya suna nan a rufe kamar yadda suka baro Faransa.

Baffa ne ya tayar da maganar. Ya daɗe yana neman wanda zai riƙa cika masa takardun jirgin ƙasa, ya kuma yi magana da ma'aikatan tasha da Faransanci, don kada kaya su kwana a rana. Wata Lahadi ya zo gidanmu, ya tarar da ni a gindin mangwaro da ƙamus a cinya.

"A'a, Mushe, ana nan ana ta fama?" Haka yake tsokanata, da sunan da muke kiran malaman lakwal. Sannan ya juya ga mahaifina. "Yaya, yaron nan ya iya karatu, ya iya rubutu. Me kuma ya rage? Ka ba ni shi. Littattafan nan da kake jibga masa, wallahi ado ne. Ni ban yarda ya san abin da ke cikinsu ba."

Mahaifina ya ce, "To, a gwada mana."

"A gwada! Ina da aboki tafinta, yana aiki da Turawa shekara da shekaru. Juma'a mai zuwa zan kawo shi. In yaron ya san littattafansa, na yi shiru har ya gama. In kuwa ado ne, Asabar ya fara zuwa rumbu, a bar maganar lakwal."

Mahaifina bai ko dube ni ba ya ce ya yarda.

Kwana huɗu ina lissafin abin da ba zai yiwu ba. Ko da zan daina ci da sha, ba zan gama littafi ɗaya kafin Juma'a ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tafinta ba ya ma bukatar ya tambaye ni komai. Da ya ɗaga littafi ya ga bakinsa a haɗe, magana ta ƙare.

Ranar Alhamis ba a zuwa lakwal. Bayan azahar, mahaifina yana Treichville, na ja labulen ɗaki na zauna na fara tsagawa. A littafi na biyu wuƙar gorar ta karye. Na fito na sami mahaifiyata a bakin murhu.

"Inna, ara mini wuƙarki."

Ta dube ni, ta dubi wuƙar da take yanka albasa da ita. "Miya za ka yi a ɗaki?"

"Wani ɗan aiki ne."

Ta goge ta a gefen zane ta miƙo mini. Ni da ba na iya barin kalma ɗaya ta wuce ni, ranar na ratsa ɗaruruwan shafuka ban karanta layi ɗaya ba. Kuma saboda halina, na yi aikin da kyau, babu inda ya yage, babu inda na tsallake. Har na riƙa ɗan lanƙwasa bayan kowane littafi don ya yi kama da wanda aka sha buɗewa. Kafin la'asar na gama. Da na kai wa Inna wuƙarta, ta leƙa ɗakin ta ga ɓarɓashin takarda fari fat a kan tabarma.

"Kai ɗan nan, farar kaza ka fige?" Ta tsaya ta ƙare mini kallo, ta ce, "Ni ban san aikinku na boko ba. Amma ka share, kuma ka sha ruwa, fuskarka ba ta yi mini ba."

Juma'a bayan an ci abinci aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Tafintan dattijo ne mai farin tabarau, ya sa kwat a kan riga. Na ɗauko akwatin na jera littattafan a gabansu. Baffa ya ɗauki ɗaya ya buɗe, ya kai hanci.

"Ikon Allah! Yaya, ashe littafin Nasara warin albasa yake yi?"

Suka yi dariya shi da tafinta. Mahaifina bai yi ba. Ya jawo littattafan gabansa, yana ɗaukar kowanne, yana bin bakin takardun da babban yatsa, yana ajiyewa. Wasu dama, wasu hagu. Bai yi sauri ba, haka yake tsince goro in ya buɗe huhu. Da ya gama, shida suna dama, goma sha ɗaya suna hagu. Bai kuskure ko ɗaya ba.

Ya ce, "Malam tafinta, tambaye shi waɗannan biyar, da rabin wannan. Waɗancan kada ka wahalar da kanka. Jiya aka karanta su, da wuƙar uwarsa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffa ya tafa hannu. "Ka gani? Ka gani, Yaya? Goma sha ɗaya! Ni dama na faɗa."

"Ba yau na sani ba," in ji mahaifina. Ya juyo gare ni, a karon farko tun da aka zauna. "Kana tsammani da ka tafi lakwal ba na shiga ɗakinka? Ni ba na karanta rubutunsu, amma ina ganin inda wuƙa ta tsaya. Makon jiya kana nan." Ya buɗe littafi na shida ya sa yatsa, daidai inda na tsaya. "Wani makon ka ci takarda takwas, wani makon sha biyu. Lokacin da zazzaɓi ya kama ka, biyu kawai ka ci. Ban taɓa ganin ka tsallake ka yanka gaba ka bar baya ba. Shi ya sa da Baffanka ya ce a gwada, ban ji tsoro ba."

Tafinta ya gyara tabarau ya ɗauki littafin tarihin, ya fara tambayata da Faransanci. Ya ce in amsa da Hausa in na fi so, don kowa ya ji. Na fara, a hankali bakina ya saki. Ya buɗe tsakiyar na tafiye-tafiye ya karanta layi biyu, na ba shi abin da ya biyo baya. Ya tambaye ni wata kalma mai wuya, na ɗauko ɗan littafina na nuna masa ita, da ma'anarta, da shafin da na same ta. Ya daɗe yana juya ɗan littafin nan. Har na kiwon zuman bai bari ba, kuma Baffa da kansa ya manta da gardama ya tambaya yadda zuma ke rayuwa in ƙanƙara ta rufe ƙasa.

A ƙarshe tafinta ya ce, "Abin da ya karanta, ya san shi fiye da wasu da nake aiki da su. Abin da bai karanta ba kuwa, kun fi ni sani."

Baffa ya ce, "To yanzu wa ya ci? Shida nasa, goma sha ɗaya nawa."

Mahaifina ya murza carbinsa. Sannan ya ce, "Zai gama lakwal. Amma Alhamis taka ce. Tunda ya sami lokacin yin wannan aiki ranar Alhamis, yana da lokacin zuwa tasha." Baffa ya buɗe baki, mahaifina ya ɗaga masa hannu. "Littafin wata kuma an daina, sai ya gama waɗannan. Wannan laifina ne, ba nasa ba. Na san bai gama ba nake ƙara masa. Daɗi nake ji in riƙo littafi a kan gada, mutanenmu su tambaya na wane ne, in ce na ɗana ne."

Wannan ne kawai abin da ya faɗa a kan maganar. Bai zage ni ba, bai kuma sake tayar da ita ba har ya bar duniya.

Na gama lakwal, na ci jarrabawar. Alhamis ɗin ma ba ta zama hukunci ba, don a tasha na koyi buɗe baki in yi magana da baƙo ba tare da gumi ya jiƙa ni ba, kuma ni da Baffa muka shaƙu. Littattafai goma sha ɗayan nan sun ɗauke ni kusan shekara uku, yaƙi ya zo ya same ni a cikinsu. Lokacin ko da kuɗinka ba ka samun sabon littafi, sai tulin da nake jin kunyarsa ya zama shi ne ɗan abin da nake da shi.

Har yau ban warke ba. Ina sayen littafi fiye da yadda nake karantawa, kuma jikokina suna yi mini dariya a kan haka. Wannan bai dame ni ba. Abin da yake dawo mini shi ne wani abu dabam. Wata goma sha bakwai mutumin nan yana bin karatuna a ɓoye, mako bayan mako, ta hanya ɗaya tak da yake da ita, ni kuma na toshe masa ita a yini guda. Daga ranar babu abin da zai duba. Sai dai in muna tafe zuwa masallaci ya tambaya, ba tare da ya juyo ba, "Ina ka kai?"

In ce, "Na kusa rabi, Baba."

Ya ce, "To, madalla."

Ba shi da yadda zai gane ko gaskiya na faɗa, kuma bai taɓa nuna yana shakka ba. Ban sake yi masa ƙarin ko shafi ɗaya ba.