Injin ƙwan Kawu Alassan da ruwan rijiyoyi

Alassan ya yi ƙuruciyarsa a kan kamiyo, wato babbar motar kaya, yana kai kaya daga Gaya zuwa Kwatano. Da bayansa ya fara ciwo sai ya ajiye tuƙi, ya koma garkarsa da ke kusa da kogi, yana noman salati da dankali da ɗan rake. Ya kuma sayi injin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da hasken rana. Da damina mata daga Yelu har Zabori kan kawo masa ƙwan zabbi, su dawo su kwashi ƴan tsaki. Da rani kuwa zabbi ba sa yin ƙwai, sai injin ya zauna a ɗaki, matarsa Jumma tana ɗora masa kwanoni.

A irin wannan rani ne Zuhura, ɗiyar ƙanwarsa da ke karatu a jami'a, ta zo da kwalabe da ƙananan faranti masu murfi. Aikin ƙarshen karatunta shi ne ta ɗebi ruwan rijiyoyin garake, ta gano irin ƙwayoyin cutar da ke ciki. Sai dai farantan suna bukatar ɗumi irin na jikin mutum yini da kwana, ga shi na'urar da aka yi alkawarin ara mata ta lalace. Ta zauna a tabarma tana ba da labari kamar za ta yi kuka.

"Ɗumin jikin mutum?" in ji Alassan. "Ai kusan shi ƙwai ke so. Jumma, kwashe kwanonin nan!"

Zuhura ta goge injin tas, ta auna zafinsa, ta buga waya ga malaminta. Malamin ya yi dariya, ya ce ta gwada. Daga nan Alassan ya zama direbanta. Ya ɗauke ta a babur suna bin garake, yana gaisawa da masu rijiya, yana cewa, "Ɗiyata ce, ruwanku za mu sa a injin ƙwai."

Da suka dawo ta zuba ruwan kowace rijiya a farantinsa, ta jera su a injin. Kashegari da suka buɗe injin, farantan sun fito da ɗigo-ɗigo, wasu ja-ja, wasu shuɗi.

"Kawu, duk dangi ɗaya ne, ana ce musu kolifom," ta ce. "Ja-jan nan ana samun su ko a ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Shuɗin kuwa daga hanji suke fitowa, na mutum ko na dabba. In ka gan su, kashi ya shiga ruwa."

Alassan ya ɗaga wani faranti da shuɗi ya cika, ya kama baki. "Wannan ko tantama babu rijiyar abokina Yazidu ce. Na sha gaya masa ya janye shanunsa."

Zuhura ta juya farantin ta nuna masa sunan da ta rubuta a ƙasa. Nasa ne. Jumma ta yi dariya har ta riƙe ƙofa.

Da yamma suka zaga garkar. A gefen rijiyar, ta wajen tudu, ga tarin kashin kaji da yake tarawa don taki, kuma bakin rijiyar daidai yake da ƙasa. Duk ban ruwan da aka yi, sai ya gangaro da ƙazantar ya koma ciki. Alassan bai yi musu ba. Ya kwashe takin zuwa ƙarshen garka, ya kira magini ya ɗaga bakin rijiyar da siminti, aka yi mata murfi. Zuhura ta ce ruwan sha da na wanke salati a riƙa sa musu maganin tsabtace ruwa yadda asibiti ke nunawa.

Da ta dawo hutu bayan ta ci jarrabawarta, suka sake gwadawa. Shuɗin ya ɓace, sai ɗan ja nan da can. Alassan ya sa farantin a leda, ya hau babur ya nufi garkar Yazidu don ya nuna masa, ya kuma tafi da ragowar simintin da maginin ya bari.