Da Sauƙi, In Ji Ɗanmaliki

A ƙauyen da ke bayan Jajaye, kowa ya san Jibo mai ƙararrawa. Ƙararrawar ma suna ne kawai: wani tsohon ƙarfen mota ne rataye a reshen ɗorawa a ƙofar majami'a, shi ke dukansa duk ranar Lahadi, kuma yana yi da ƙarfi sai ka ce da shi suke faɗa.

Iyayensa Maguzawa ne. Su biyu suka haifa, shi da wansa Ɗanmaliki. Jibo ya karɓi bishara yana saurayi, Ɗanmaliki kuwa ya musulunta daga baya, ya koma Kurugu kusa da dangin matarsa. Wannan bai raba su ba da farko. Da Sallah tuwo ya zo daga Kurugu, da Kirsimeti zakara ya tafi can da ransa, don su yanka da hannunsu.

Jibo mutum ne da ya ɗauki dawowar Almasihu da gaske, ba da baki ba. Tun da ya tuba bai ƙara kurɓar burukutu ba. In yana auna dawa a kasuwar Rogo sai ya cika mudu har ya zube, wai kada Ubangiji ya zo ya same shi da ƙwayar wani a hannu. In ka ce masa sai gobe, amsarsa ɗaya ce: "In Ubangiji bai dawo ba." Matarsa Yelwa takan ce ko tsintsiya za a ara a gidansu sai an ji wa'azin ranar ƙarshe. Mutumin kirki ne, ba shakka. Amma yana da zuciya, kuma in ya kafe a kan abu, ko jaki bai kai shi ba.

A shekarun da cutar bushiya ta karkashe shanun Fulani, fari kuma ya biyo baya, Jibo ya tabbata lokaci ya yi. Ya haɗu da wansa a kasuwa, ya tare shi da zancen alamun ƙarshen duniya a gaban mutane. Ɗanmaliki mai barkwanci ne tun suna yara. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, har yanzu baƙon naka bai iso ba? Tun ina da haƙora ake share masa ɗaki."

'Yan kasuwa suka kwashe da dariya. Dariyar ce ta ƙona Jibo, ba maganar ba. Ya miƙe ya ce, "Daga yau ba ni da wa. 'Yan'uwana su ne waɗanda za mu tashi tare."

Ɗanmaliki ya ɗauki buhunsa ya tafi.

Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Tuwon Sallah ya zo sau biyu aka mayar, sai ya daina zuwa. Abin da ke damun Yelwa shi ne mijinta ya san bai kyauta ba. Duk ranar da za a ci jibin Ubangiji a majami'a, wanda ba a so mai gaba da wani ya ci, sai ta ga ya kasa sukuni tun safe. Ta sha gaya masa, "Maigida, kana tsoron a same ka da ƙwayar dawar wani, ba ka tsoron a same ka kana gaba da wanda kuka sha nono ɗaya?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce zai je. Bayan girbi. In girbi ya wuce, bayan an yi wa majami'a jinka. Ba ƙarya yake yi ba, da gaske yana nufin zuwa. Sai dai idonsa na sama kullum, yana jiran ƙarshen da zai zo wa duniya gaba ɗaya da busar ƙaho, ya manta akwai wanda ke zuwa wa mutum shi kaɗai ba tare da ko sallama ba.

Wata damina, a farkon shekarun casa'in, washegarin ruwan shuka, Muntaka babban ɗan Ɗanmaliki ya zo a kan keke ya same shi a gona. Ya durƙusa ya gaishe shi har ƙasa, ya ce, "Baffa, dama Baba ne ba ya jin daɗi, na ce bari in sanar da kai."

Jibo ya jingina da sungumi ya ce, "Ya jikin nasa?"

Muntaka ya dubi ƙasa. "Da sauƙi."

To, wane Bahaushe ne bai san wannan amsa ba? Ko mutum na shure-shuren mutuwa, da sauƙi za a ce. Magidanci mai iyali ba zai bar gonarsa ranar shuka ya tako daga Kurugu don zazzaɓi ba. Jibo ya san haka sarai. Amma kalmar ta yi masa daɗi, don ta ba shi abin da yake so, wato ƙarin lokaci. Ya ce, "Madalla. Ka gaishe shi. Bari in rufe irin nan kafin ƙasa ta bushe, ina nan tafe."

Ya gama dawa, sai ya ga saura gyaɗa. Sai da Yelwa ta ɓoye irin a ɗakinta, ta fito masa da rigarsa ta zuwa sujada, sannan ya hau keke.

Tun daga bakin gari ya ga mutane na dawowa a jere, ƙafafunsu duk jar laka, wani na saɓe da diga. Ba wanda ya gaya masa komai, bai kuma tambaya ba. Ya sauka ya tura keken da hannu har ƙofar gidan.

Ba su wulaƙanta shi ba, da ma sun yi da ya fi masa sauƙi. Liman da kansa ya matsa masa wuri a tsakiyar tabarma, don shi ne mafi kusa da mamaci. Duk wanda ya zo, wurinsa yake fara durƙusawa: "Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?" Mutumin da ya ce ba shi da wa, ga shi ana yi masa ta'aziyyar wansa.

Da jama'a suka ragu, ya kira Muntaka gefe. Ya ce, "Ɗana, don me ba ka gaya mini gaskiya ba? Da ka ce jiki ya yi tsanani, da a ranar na biyo ka."

Muntaka ya share ido da hannun riga. "Baffa, shi ya hana. Na roƙe shi, ya ƙi. Ya ce in ce maka da sauƙi. Ya ce in ka ji zai mutu ka zo, tausayi ne ya kawo ka. Shi so yake ka zo don ka yi kewarsa."

Jibo ya zauna a ƙasa nan inda yake tsaye, a cikin farar rigarsa, ya yi kuka irin na yaro, yana kiran "Yaya, Yaya," sunan da ya hana bakinsa faɗa tun ranar kasuwa.