Ranar Da Allon Inna Ya Sandare

Ko da zan yi tsufan da zan riƙa manta inda na ajiye takalmina, ba na jin zan manta da yammacin da tsohuwar kwamfutar hannun da na sayo ta sandare mana a gindin rumbu. An kwana biyu da yin abin, amma har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a kan keken ɗinki, wani lokacin kuma in ji idona ya kawo ruwa.

Ƙauyenmu yana gefen Minjibir, irin wanda gonar wannan take jingine da dangar wancan. Ni ce auta a wurin Inna, Yaya kuwa ita ce 'yar fari. Tun da aka yaye ta Goggo, ƙanwar Baba, ta tafi da ita Borno wajen danginmu na asali. Can ta girma, can ta yi aure. Inna kuwa mutuniyar da ce, alkunyarta ta wuce misali. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunan Yaya ba, in magana ta kama sai ta ce "waccan ta wajen Goggonku." In Yaya ta zo ganin gida ta durƙusa tana gaishe ta, Inna bango take amsa wa. Ni kam abin nan haushi yake ba ni, don ba a yi ni da ɓoye-ɓoye ba.

Yaya ta daɗe a ɗakin miji ba ta samu haihuwa ba, har an daina tambaya. Sai ga shi a wata kaka Allah ya ba ta ɗa namiji. Da na kai wa Inna labari, "To, madalla" kawai ta ce, ta ci gaba da tsinkar gyaɗarta. Amma washegari da sassafe na tarar da ita tana dakan yajin jego, ita da gwiwa ta hana ta zuwa ko maƙwabta. Na nuna mata hoton jaririn a 'yar wayata, ta kai ta kusa da ido, ta nesanta, ta ce, "Wannan ai ƙwayar gero kike nuna min." Idonta ya riga ya fara yana.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da Yaya ta yi min a waya. Muna cikin hira sai ta ce, "Auta, Inna kuwa ta yi murna?" Na ce mata sosai ma. Ta ce, "Ke kika faɗa." Wannan magana ta tsaya min a rai. Na ce wallahi sai na haɗa su ido da ido, ko da ta gilashi ne.

Da na shiga motar birni sayen yadi, sai na ratsa kasuwar waya na ce a nuna min kwamfutar hannu, irin mai faɗin nan da ake ce wa tabilet. Da aka faɗa min kuɗin sababbin sai da na nemi benci na zauna. Mai shagon ya ga halin da nake ciki, ya sunkuya can ƙasa ya zaro wata, ya hure ƙurar kwalinta.

"Hajiya, gaskiya zan faɗa miki," in ji shi. "Wannan kwantai ce, tsohon yayi, shi ya sa aka karya mata farashi. Tana da nawa, tana ɗaukar zafi, in ta gaji kuma takan tsaya cak. Me za ki yi da ita?"

Na ce, "Fuska nake so tsohuwa ta gani."

Ya ce, "In dai fuska ce, za ta nuna."

Na dawo da ita gida a ƙunshe cikin yadi. Maigidana ya juya ta gaba da baya ya ce, "Wannan faranti ne ko murfin tukunya? Da tunkiya kika saya, ai da baɗi ta haihu." Na ce masa tunkiya ba ta nuna Borno. Inna kuwa da ta shafa ta sai ta ce, "Allo ne ashe." Shi ke nan suna ya bi ta, har yau allon Inna ake cewa.

Muka sa rana da Yaya, bayan an watse daga hidimar suna. Na kai allon wurin mai caji ya sha wuta ya ƙoshi, na sa masa data. A gidanmu sabis ba ya zama ko'ina sai gindin rumbu, don haka can na shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Kafin ka ce me, matan gida da na maƙwabta sun cika wurin, wata ma da ludayi a hannu. Na zaunar da Inna a tsakiya, na danna kira. Allon ya yi ta tunani har na fara gumi, maigidana kuma yana daga bakin zaure yana tambaya ko a zo a tura. Can sai ga Yaya raɗau, fuskarta ta cika gilashin, ta yi ƙiba ta yi haske, jaririn a ƙirjinta, Goggo na leƙowa ta bayanta. Mata suka sa guɗa.

Yaya ta ce, "Inna, ina wuni?"

Inna ta ja mayafi, ta juya fuska ta fuskanci rumbu. "Lafiya lau," ta ce wa rumbun. "A gai da Goggonku."

Na ce, "Inna, ga shi fa, dubi angon naki!" Ta ce ta gani. Wallahi ba ta gani ba, ƙeya ta ba shi. Na bi ta da allon ta dama, ta koma hagu. Na bi ta hagu, ta sunkuyar da kai tana tsintar wani abu a tabarma. Mata suna ta dariya, ni kuwa raina ya gama ɓaci, ga allon ya fara ƙona min hannu. Ina kallon murmushin Yaya yana raguwa. Sai kawai hoton ya tsaya cak, Yaya ta ɗan sunkuya tana kallon ɗanta. Na danna, na girgiza, na hura masa iska, ko gezau.

Na ce da ƙarfi, "To shi ke nan, ya sandare! Ba sa ganinmu, ba sa jinmu. Hankalinki ya kwanta, Inna."

Na dangwarar da shi a tabarma. Mata suka watse suna cewa dama araha ce. Sai da wurin ya yi shiru Inna ta ce a hankali, "Auta, da gaske ba ta ganina?"

"Ba ta gani."

"Ba ta kuma ji?"

"Ba ta ji."

"To, je ki duba min tukunya."

Ban je ko'ina ba, bayan rumbu na zagaya na tsaya. Ina leƙe Inna ta ɗauki allon da hannu biyu, ta kai shi dab da fuskarta. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta shafa kumatun Yaya, ta shafa kan jaririn. Sannan ta kira sunan Yaya. Sunanta na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba, ta kira shi kamar kullum tana kira.

Ta ce, "Sannu, 'yar nan. Sannu da wuya. Kin yi haƙuri, Allah ya dube ki. Ban taɓa ɗaga goshi daga sujada ban roƙa miki ba. Dubi goshinsa, na Babanku ne sak. Ki riƙa shan kunun da zafinsa, kin ji?"

Ina tsaye hawaye na bin fuskata, sai na ji kukan jariri. Na waiga, ba mai goyo a gidan. Daga cikin allon kukan yake fitowa. Sai kuma muryar Yaya:

"Na'am, Inna. Na ji. Zan sha."

Ashe hoton ne kawai ya tsaya, magana tana tafiya. Yaya ta ji lokacin da na ce ba sa jinmu, sai ta toshe wa Goggo baki, suka yi tsit. Jaririn ne ya tona musu asiri.

Inna ta yi salati, ta saki allon a cinya, ta miƙe zumbur. "Kun haɗa baki! 'Yan banza, kun haɗa baki!" Matar da sai an kama ta take tashi, ranar nan ban ga ciwon gwiwa ba, sai ɗaki. Goggo tana ta ƙyaƙyata dariya daga Borno tana cewa, "Yau dai na ji da kunnena!" Na ɗauki allon ina dariya ina kuka, na ce, "Yaya, Inna ta yi murna?" Sai kawai na ji ta fashe da kuka.

Kada ku zaci Inna ta canja. Har yau in an kira, rumbu take gaisarwa. Sai dai in an ɗan jima takan ce, "Auta, abin nan bai gaji ba ne yau?" Ni kuma sai in ce ya gaji, ya sandare, in ajiye mata in tafi duba tukunya. Ta san ƙarya nake yi, Yaya ma ta sani, kowa ya kama bakinsa.

Yanzu mata kan tambaye ni ko su sayi irinsa, tunda yana da sauƙi. Nakan faɗa musu abin da mai shago ya faɗa min: yana da nawa, yana zafi, yana tsayawa, in don yara su yi wasa ne ko don aiki mai yawa, kada su soma. Amma ni da na san abin da na je nema, ban yi asara ba. Abin da ranar nan ta koya min shi ne, kafin ka raina tsohon abu ka fara sanin me kake so ya yi maka, kuma kada ka ga mutum ya kau da kai ka ce ba ya so. Shekara da shekaru ina ganin ƙeyar Inna ina jin haushi, ashe jira take kowa ya tashi ta kalli 'yarta.