Riguna Takwas, Ba Tara Ba

Jiya da la'asar ruwan sama ya tsare ni a wata rumfar masu yadi a kasuwar Mboppi. Mai rumfar ya kwance sabon bandir, warin farin yadin da ya sha laima ya bugi hancina. Sai ga ni a zauren gidanmu na New Bell, ina shekara goma, a gaban kakana.

Kakan nan nawa mahaifin babana ne, maɗinki. Yana saurayi ya zo Douala, bai kuma sake komawa ƙasar Hausa ba. Ban taɓa ganin abin awo a hannunsa ba. Mutum zai shigo su gaisa, ya dube shi daga kafaɗa zuwa idon sawu, shi ke nan an gama. Sai ya ja yadi, kamu kaza, taƙi kaza, yatsu uku na lanƙwasa, ya sa almakashi. Amarya yake kirana, yana tsokanata wai tunda ban iya tuwo ba, gara in iya yanka kada ya sake ni.

Kun san daminar garin nan. Ruwa zai kwana uku yana dukan kwano, kwata ta cika ta shigo tsakar gida, ba mai fita. A irin kwanakin nan ya koya mini cewa ba a yarda da sabon bandir. Farkonsa akwai tambarin kamfani da tabon fumfuna, dole a yanke. Sauran kuma a jiƙa shi tukuna, don farin yadi yana tsukewa. Burina a duniya ɗaya ne lokacin, in zama mai yanka kamarsa.

Wata safiya malaminmu, da muke ce wa Metir, ya rubuta tambaya a allo. Maɗinki yana da yadi mita talatin da shida, kowace riga tana cin mita huɗu, riguna nawa zai fitar? Har dariya na yi a raina, don a ganina an shigo gidanmu. Na cire na tambari, na cire na tsukewa, na rubuta takwas. Ni ce farkon miƙa littafi.

Metir ya ɗaga littafin sama, ya nuna wa aji. Bai tambaye ni dalili ba. Ya zana ƙaton sifiri da jan biro, ya sa yara suka amsa da ƙarfi cewa tara ne, sannan na miƙa tafin hannu na sha bulala.

Babana ma'aikacin ofis ne, mai alfahari da Faransancinsa. Da ya ga littafin, ya je zaure ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, don Allah a bar yarinyar nan ta yi lekol, ta yi bokonta. Lissafinku daban, na Nasara daban. Ga shi ta kawo zero."

Kakana ya ce in maimaita masa tambayar da Hausa. Ya motsa yatsu a gwiwarsa, yana ƙirgawa.

"Takwas ne mana. Ta tara ɗin, wa zai sa ta?"

Amma bai yi musu da ɗansa ba, don shi ma yana tsoron takardar Nasara. Daga ranar, in na leƙa zaure sai ya ce, "Amarya, je ki wurin littafinki." Na ji haushinsa ƙwarai, har na yi wata guda ban kai masa ruwan alwala ba.

Lissafi kuwa tun daga nan na daina yarda da kaina a cikinsa. In amsa ta zo mini, sai in ce wata ƙila irin ta zaure ce, in goge. Muka shiga lise, wato sakandare, aka kawo haruffa maimakon lambobi, muna haddacewa kamar karatun aku, ba wanda ya taɓa faɗa mana inda ake amfani da su. Sau biyu na zauna jarrabawar shiga sashen ɗinki na makarantar koyon sana'a. Sau biyu lissafi ya kayar da ni, ni da na iya fitar da wuyan riga tun ban iya ɗaura zani ba.

Yau shekara ashirin ina buga wasiƙu a wani ofis a Bonamoussadi. Lissafin da aikin ya taɓa nema daga gare ni bai wuce ƙirga shafuka da duba kwanan wata ba. Ban ce lissafi banza ba ne. Mai gina gada yana bukatar nasa, kakana ma nasa yake yi daga safe har magariba. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙofa ɗaya aka yi wa kowa, aka kuma ba da mabuɗin ga malamin da bai taɓa cewa yaro, "Yaya aka yi ka samu wannan?" ba.

Kakana ne ke yanka likkafanin unguwarmu kyauta. Ranar da ya rasu, aka shimfiɗa farin yadi a zaure, babana ya tsaya da abin awo a hannu, bai san ta ina zai fara ba. Aka leƙo ciki aka tambaye ni. Ni ma ban sani ba, ba mu kai nan ba aka raba mu. Sai baƙo aka nemo daga wata unguwa.

Yanzu ina da 'ya mai shekara goma sha huɗu. Hannunta yana da kyau a allura, makinta na lissafi kuwa abin kunya ne a faɗe shi a gaban mutane, kuma bana za ta zauna jarrabawar da ta kayar da ni. Littattafan sun canza bango, tambayoyin suna nan. Kwanan baya ta ture nata littafin gefe, ta kawo mini ƙyalle da almakashi, ta ce, "Mama, ki nuna mini yadda kakanki yake yi."

Na juya ƙyallen a hannuna, na daɗe ina dubansa. Sannan na mayar mata, na ce ta je ta yi karatu.