Tayar Gaba ta Ashafa Mai Ƙwan Zabi

Ashafa ɗan Rabe mutumin Kurfi ne, amma in ka je Dutsin-Ma ka ce Ashafa kawai, sai a yi ta kallonka. Sai ka ce mai ƙwan zabi. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan yana wannan sana'a. Da keke ya fara, tun bai auri Azumi ba: kwando a baya, ƙaiƙayi a ciki, ƙwai a binne. Ya shiga rugage ya sayo, ya kawo wa masu shayi da matan da ke dafawa. Duk shekarun keken nan bai taɓa fasa ƙwai ba sai wanda zai ci. Daga baya ya sayi mashin, wai don ya huta. Tun ranar bai ƙara hutawa ba.

Ita zabuwa ba ta da kunya. Ba ta yin ƙwai da rani, lokacin da hanya ke bushe kowa ya bi. Sai ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙe ta zama kunu, sannan ta shiga ciyawa ta fara zubawa. Ita kuwa hanyar Ashafa rabi da rabi ce. Tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma kwalta, daga nan zuwa rugagen bayan Wurma kuwa burji, sai fadama, sai abin da Allah Ya yi.

To a nan rigimar taya ta samo shi. A shagon Zaharaddin, mai sayar da kayan mashin a Dutsin-Ma, iri biyu ake ratayewa. Akwai mai taushi, mai manyan haƙora. Wannan ta kama laka kamar kaska, amma kwalta na cin ta kamar ana gogawa a dutse, kafin gero ya fid da kai ta suɗe. Akwai kuma mai tauri, mai ƙananan zane. Ita sai ta shekara ba ta ce uffan ba, amma da ta ga taɓo sai ta kama rawa. Ashafa ya sayi wannan ya zagi mai yin ta, ya sayi waccan ya zagi mai kawo ta. In ya zo shagon sai ya tsuguna ya dinga danna farce a jikin roba, yana shinshinawa, kamar mace na zaɓen daddawa.

“Malam Ashafa, in ka gama tsungulin ta ai sai ka aure ta,” in ji Zaharaddin.

“Kai dai ba ni wadda ke riƙe ƙasa kuma ba ta cinyewa.”

“Wannan ba a haife ta ba tukuna. In an haife ta ni zan fara kai maka goron suna.”

Abin da ya sa hankalinsa ya tashi bana, Dada ce. Dada tsohuwar Bafulatana ce a wata ruga bayan Wurma, ita ke tara ƙwan duk matan rugar a ƙwarya guda uku manya. Rabin abin da Ashafa ke kaiwa Dutsin-Ma daga hannunta yake fitowa. Sharaɗinta ɗaya ne tun zamanin keke: duk Talata ya iso kafin hantsi, don matan na da tallan nono, ba za su zauna gadin ƙwai ba. Bara da mai taurin nan a ƙafarsa, sau biyu yana makara, yana can fadama yana kokawa da mashin. Ga kuma wani Hudu, ɗan garinsu, da ya shigo sana'ar kwanan nan, kullum yana kewaya rugar da gaisuwa da ƙullin gishiri. Dada ta faɗa wa Ashafa gaban kowa.

“Kaɗo, biyu ke nan. Ka yi ta uku, ƙwaryata ta koma wajen mai gishiri.”

Saboda haka da ruwan farko ya sauka bana, ya rufe ido ya ce a ba shi mai haƙora. Zaharaddin ya sa masa a baya, ya buga iska, sannan ya duƙa ya shafa ta gaba. Tafin hannu ma ya fi ta zane.

“Malam, wagga fa? Ta mutu ba a yi mata sallah ba.”

“Bar ta nan. Mi take ɗauka? Ni a baya nake, kwando a baya yake. Ita banda ta wuce gaba ta sha iska mi take yi?”

“Ita ke nuna hanya.”

“Ni ke nuna hanya.”

Haka duk masu dakon kaya a mashin suke, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ta baya ce 'yar gata. Ita ake canzawa, ita ake tausayi, ita ake dannawa da babban yatsa kowace safiya. Ta gaba kuwa sai zare ya leƙo. Da Azumi ta yi magana a gida, don ita ma tana da ido, sai ya kai wa mai faci a bakin tasha. Mai facin ya ɗora wuƙa a wuta ya zana mata tsage, layi-layi, ta fito kamar sabuwa. Ashafa ya dawo yana nuna wa Azumi.

“Kwalli ka sa wa makauniya,” ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Talata uku ya je lafiya, yana dawowa yana yabon kansa. Ta huɗu aka kwana ana ruwa. Ya fita bayan asuba, ya wuce burjin ba ko gargada, har yana jin daɗin yadda ta baya ke cizon ƙasa. Ya iso gangaren fadama, inda shanu suka tattake hanya ta zama tuwo. Mai hankali a nan sauka yake yi. Shi kuwa ya tuna da sabuwar tayarsa, ya ƙara wuta.

Ta baya ta yi aikinta, ba wanda zai zarge ta. Ta riƙe ƙasa ta tura da ƙarfi. Ta gaba ce ta ce ba da ita aka yi shawarar ba. Ta zame ta yi gabas, shi yana nufin arewa. Ya taka birki, ya kira sunan Allah, ya tsinci kansa kwance cikin taɓo, mashin bisa ƙafarsa, kwando na yawo a ruwa. Da ƙyar ya zare ƙafar. Kan mashin ya karkace, laka ta cika salansar da ke fitar da hayaƙi. Ya buga, ya buga, ya buga, ko tari bai yi ba. Ya ja shi ya fid da shi tudu ta ɓangaren rugar, ya tsaya yana huci, rana kuwa ba ta jira shi ba.

Sai da ta take tsaka ya isa rugar a ƙasa, yana ɗingishi, takalmi ɗaya a hannu. Ya tarar da Hudu tsugune gaban ƙwaryar Dada, yana jera ƙwai cikin ƙaiƙayi a natse.

“Dada, ki dube ni,” in ji Ashafa. “Faɗuwa na yi. Wallahi tun asuba na fito. Sabuwar taya na sa saboda ke.”

Ta dube shi sama da ƙasa. “Sannu, Kaɗo. Ka ji ciwo?”

“Ƙafa ce kawai.”

“Allah Ya sauwaƙe. Saudatu, kawo masa ruwa ya wanke fuska, ki damo masa fura.” Ta juya ta gyara zama. “Ni ban ce ka sa taya ba. Cewa na yi ka zo.”

“Shekara ashirin, Dada.”

“Na sani, ai tare muka yi su. Matan nan tun safe suke zaune, nononsu na tsami. Ni zan hana su tahiya, ko kai?”

Ya sha furar don ba a mayar wa Dada da ƙwarya.

A hanyar komawa, yana tura mataccen mashin ɗinsa cikin fadama, Hudu ya cim masa. Hudun a ƙasa yake, wando naɗe har gwiwa, kwando bisa kai a kan gammo, yana taka laka a hankali kamar mai tallan nono.

“Sannu, Malam Ashafa. In kama maka?”

“Wuce da kayanka.”

Da Ashafa ya hau tudu sai ya ga inda Hudu ya ajiye nasa mashin, jingine a gindin wata tsamiya, can nesa da taɓo. Ya so ya wuce, ido ya ƙi. Ya duƙa ya duba. Tayar gaba da ta baya, duka biyun a suɗe suke tas, ta bayan ma har da faci ya leƙo.

Yanzu Ashafa ƙauyen Kuki yake zuwa neman ƙwai, gida-gida, nan biyar can bakwai, kafin ya cika rabin kwando la'asar ta yi. Masu shayi biyu sun koma wajen Hudu. A gida kuwa ranar Talata ba mai yi masa magana sai ya ci abinci, har ita Azumi, wadda bakinta bai saba da haƙuri ba.